Dalilin da ya sa ba sa barin jam'iyyun nan biyu

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa Amurkawa ke ƙorafi kan 'yan takarar Democrat da Republican amma kullum su suke zaɓa. Tsarin zaɓen ne ya ɗaure su. A zaɓen shugaban ƙasa, a jihohi 48, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe dukkan wakilan jihar masu zaɓen shugaban. A 1992 Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ko wakili ɗaya bai samu ba.

Ga kuma tsoro. Maƙwabciyata a nan ba ta son kowanne cikinsu, amma har yau tana tuna Florida a 2000, inda Bush na Republican ya ci da ratar ƙuri'a 537 kacal, Nader na ƙaramar jam'iyyar Green kuwa ya kwashi fiye da 97,000. Don ta hana wanda ta fi tsoro hawa take kaɗa wa abokin hamayyarsa ƙuri'a, kuma ban ga laifinta ba.