Gwamnati ta karɓi fili ba ta gina ba: shin ya koma hannun masu gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na ajiye aikin gwamnati, ina haya a Tudun Wada, kuma so nake in sa kuɗin sallamata a fili. Wani dillali ya kai ni tsallaken Kogin Kaduna, can gaba da Millennium City, ya nuna mini fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, a kuɗin da bai kai rabin na unguwannin kusa ba. Ya ce gwamnati ta taɓa karɓar wurin tun da jimawa amma ba ta yi komai a kai ba, shi ya sa ya koma hannun masu gonar, kuma mai unguwa zai sa hannu ya buga hatimi. Akwai gidaje uku a layin, ɗaya har an ja masa wuta. Na ba da kafin alƙalami. Abin da ya hana ni barci shi ne, da na koma ni kaɗai sai na tarar da turken siminti mai lamba a tsakiyar filin, ba a kusurwa ba. Ranar Juma'a zan cika kuɗi. Wannan ne iyakar abin da na tara. In ci gaba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka cika ko sisi ranar Juma'ar nan.

Turken nan da ka gani ya gaya maka abin da dillali ya ɓoye. Safiyo ba ya kafa turke a tsakiyar fuloti, a kusurwa ake kafa shi, inda iyakoki suka haɗu. Idan ka same shi a tsakiyar abin da ake sayar maka, awo biyu ne aka ɗora a kan ƙasa ɗaya: awon gwamnati a ƙasa, awon igiya a samansa. Wato filin naka ya hau kan fuloti biyu ko huɗu na wani tsari da aka riga aka zana, ko kuma ya hau bakin hanya, ko filin makaranta, ko asibiti da ke cikin taswirar. Koma da rana ka share ƙasar da ta rufe kan turken, ka ɗauki hoton haruffa da lambar da aka zana a simintin. Ka yi tafiya kamar taku 15, sannan taku 30, ta kowace fuska, sau da yawa za ka ci karo da 'yan'uwansa a cikin ciyawa. Kada ka tumɓuke shi, kada ka bari wani ya tumɓuke.

Sai maganar nan ta "ya koma hannun masu gona", wadda ta cinye kuɗin sallamar mutane da gadon marayu fiye da kowace ƙarya a harkar fili a garin nan.

Babu inda doka ta ce haka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ni da kai muke riƙewa haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin saboda buƙatar jama'a, kuma da zarar sanarwar sokewa ta isa hannun mai haƙƙi, haƙƙinsa ya mutu. Ba ya farfaɗowa don an shekara goma ba a kawo katafila ba, ko don ciyawa ta rufe turaku, ko don an bar manomi ya ci gaba da shuka masararsa. Barin manomi ya yi noma kafin a fara aiki alfarma ce. Mutumin da aka biya diyyar gonarsa, ya dangwala yatsa a takardar karɓa, ba shi da sauran abin sayarwa a wurin, kuma wanda ba shi da abu ba ya ba da shi. In ba kotu ce ta rushe karɓar ba, hanya ɗaya ce ƙasa ke fita daga hannun gwamnati: ita da kanta ta sake ta a rubuce, da taswirar yankin da ta saki. In dillali ya ce an saki wurin, ce masa ya kawo takardar. Za ka ji ya koma zancen "ai kowa ya sani".

Ko da a ce gwamnati ba ta taɓa karɓar wurin ba ma, mai gona ba shi da ikon ya ɗauko igiya ya yanka ta fuloti-fuloti. Sashe na 36 ya hana yanka gonar karkara ta wannan hanya, ya kuma ce takardar cinikin banza ce. A yankin da aka ayyana birni, sashe na 34 ya bar wa mai filin da babu gini a kai rabin hekta ne kawai, wato murabba'in mita 5,000, kimanin fuloti goma sha ɗaya irin naka, shi ma ba ya canza hannu sai da yardar gwamna. Mutane suna mantawa cewa birnin Kaduna ya daɗe da fita daga Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu, ya ci wani babban sashe na Igabi da Chikun. Gonar da ka ga ana kaftu a ciki tana iya zama birni a takarda.

To hatimin mai unguwa fa? Mai unguwa da dagaci da hakimi iyayen ƙasa ne, kuma shaidarsu tana da amfani: su ne suka san wa ya gaji gonar wa, wace iyaka aka yi rigima a kanta. Amma shaida daban, bayarwa daban. Doka ta ambaci masu ba da haƙƙin ƙasa guda biyu, gwamna da ƙaramar hukuma, ita ma ƙaramar hukumar a wajen birni kaɗai. Babu sarauta a cikinsu. Abin da hatimin ke nufi shi ne "a gabana wane ya karɓi kuɗin wane". Bai ce filin na mai sayarwa ne ba, kuma ba ya tsayar da katafila. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 ta Jihar Arewa, kai tun dokar Turawa ta 1910, ƙasar Arewa take ƙarƙashin ikon hukuma, saboda haka ba sabon abu ba ne balle a ce ba a sani ba. Abin takaici, akwai masu sa hannun da sun halarci rabon diyyar wurin da kansu, sun san an biya, amma kuɗin shaida ya rufe musu ido. Su tuna da gargaɗin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Ƙasar da aka ware wa makaranta ko maƙabarta ma masu ita sun fi yawa, don na kowa ce.

Gidaje ukun da ka gani ba hujja ba ne. Kamfanin wuta mita yake ƙirgawa, ba ya duba takardar fili. Rasit ɗin haraji ma ba mallaka ba ne. A 2015 an rushe gidajen da aka ce sun shiga filin Kwalejin Alhudahuda a Zariya, cikinsu akwai waɗanda suka daɗe a tsaye, masu su da takardun ciniki a hannu. Taƙaddamar Gbagyi Villa da filin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna shekaru ta yi ana ja, unguwa guda cike da mutane. Yawan gidaje yana jinkirta rusau, wani lokaci har ya jawo sulhu, amma wanda ya saya yana dogaro da "in mun yi yawa za a bar mu" caca yake yi. Kuma ko a shirin halatta tsofaffin unguwannin awon igiya, ba a halatta ginin da ke kan hanya, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Layin 330kV yana da mita 25 ta kowane gefe da ba a gini, na 132kV mita 15. Ƙasar jirgin ƙasa, da ta soja, da ta kan bututun mai kuwa ta tarayya ce, sashe na 49 na Dokar 1978 ya bar wa Gwamnatin Tarayya abin da take riƙe da shi, gwamna ma ba ya rabawa. Haka gandun daji irin na Afaka da makiyaya irin ta Ladduga, suna da dokokin da suka kafa su.

Ita ma gwamnati ba ta kuɓuta ba. A karɓi ɗaruruwan hekta, ba shinge, ba allo, ba mai gadi. A wuce ana ganin tubali, ana ganin linta, ba wanda ya ce uffan, sai an ɗora kwano a zo da jan fenti. Wani lokaci ba a kai wa manoma sanarwa yadda sashe na 44 ya tsara ba, ko ba a gama biyan su ba, ko a karɓa da sunan jama'a a miƙa wa mutum ɗaya. Kotuna sun sha rushe irin wannan karɓa. To amma lura: wannan shari'ar manomi ce da gwamnati. In ka saya daga hannunsa, shari'arsa ka saya, da kuɗin lauya da zaryar kotu, ga haya tana ci gaba da cin ka.

Akwai yanayi ɗaya da mai gona ke sayarwa lafiya a cikin awon gwamnati, shi ne inda aka ba shi fuloti a madadin diyya. Irin wannan yana zuwa da takardar rabo mai sunansa, da lambar fuloti, da lambar taswirar tsarin, kuma turakunsa huɗu suna kusurwa. Naka ba haka yake ba.

Ga yadda za ka tabbatar. Ɗauki safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista a Najeriya, wanda kai ka nemo, kada ka yarda da na dillali. Ya auni kusurwoyi huɗu na abin da aka nuna maka, ya auni turken tsakiyar shi ma, ya rubuta maka lambobin a takarda mai hatiminsa. Ka tabbata ya rubuta ma'aunin da ya yi aiki da shi. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna suke, wayoyi da sababbin na'urori kuwa ma'aunin duniya mai suna WGS84 suke bayarwa, kuma in aka cakuɗa su fili yakan goce da abin da ya kai tsawon filin ƙwallo. Da wannan gocewar kaɗai fulotin da ke kan hanya sai ya fito tsaf a kwamfuta. Kada ka yarda da awon waya, kuskurenta na iya cin sulusin faɗin filinka.

Daga nan ka tafi KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, da ƙafarka, ofishinsu na kan titin Ali Akilu. Tun da aka kafa hukumar a 2015, can ne bayanan filayen jihar suka tattaru. Ka ba da lambobin awon da hoton turken, ka nemi a ɗora su a kan taswira a gaya maka abu uku: wurin yana cikin ƙasar da aka karɓa ko tsarin da aka zana, me aka ware shi dominsa, kuma akwai fayil ɗin wani a kansa. In mai sayarwa ya ce yana da satifiket ɗin haƙƙin zama (C of O) ko takardar rabo, karɓi lambar fayil ka nemi binciken hukuma a kanta: sunan wa ke ciki, an jinginar wa banki, an soke, akwai bashin harajin ƙasa, akwai umarnin kotu. Ka biya ta banki ka riƙe rasit, kuma a ba ka sakamako a rubuce. Masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa "kawo in duba maka a ciki" baki kawai za su kawo maka, wani ma abokin dillalin ne. Ka leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka tambaya ko suna ba da izinin gini a wurin, domin sashe na 43 ya hana ko katanga a birni a kan ƙasar da ba ka da haƙƙi a kanta.

Ko fili ya fito da tsabta, ciniki bai cika ba sai an rubuta takardar miƙa haƙƙi, an nemi yardar gwamna kamar yadda sashe na 22 ya ce, an yi rajista da sunanka. Satifiket a aljihunka da sunan wani a fayil, nasa ne har yanzu.

Kada kuma wani ya rarrashe ka da cewa ko an rushe za a biya ka. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta mai haƙƙi ce a ranar da aka soke, kuma gini da amfanin gona da itatuwa ake kimantawa, ba kuɗin da ƙasar ke yi a kasuwa ba. Wanda ya shigo bayan an karɓa, ya gina ba izini, ba ya cikin lissafin.

Game da kafin alƙalaminka: ka je da mutum biyu masu mutunci wurin mai sayarwa, ba dillali kaɗai ba, ka ce ka dakata sai sakamakon bincike ya fito. Ku rubuta a takarda nawa ka bayar, da ranar, da sharaɗin cewa in wurin ya faɗa cikin ƙasar gwamnati za a mayar maka da kuɗinka cikin kwana kaza, kowa ya sa hannu. Ka adana shaidar turawar banki da saƙonnin waya, musamman wanda ya ce wurin ya koma hannun masu gona. In suka ƙi rubutawa, ko aka fara ce maka akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu, bar masa. Ka nemi kuɗinka a rubuce ta hannun lauya, in sun ƙi ka kai ƙara, don sayar da abin da mutum ya san ba nasa ba ne zamba ce, kuma la'adar da dillali ya karɓa tana cikin abin da za ka nema.