Keken Da Za A Kai Tseren Hamada, Ga Amsar Tambayarka

Salamu alaikum yarona, na ga saƙonka tun bayan azahar, ina Sabon Gari wajen sayen kaya ne shi yasa ban amsa ba. Ka ce ɗan jami'ar nan na Samaru ya kawo kekensa mai giya, wai yana shirin shiga tseren hamada a ƙasar waje, kana tambaya ko ka cika tayoyin da iska sosai ka kuma shafe sarƙar da baƙin mai yadda muke yi wa kekunan 'yan kasuwa. Toh kar ka yi ko ɗaya daga ciki, ajiye famfon tukuna ka karanta.

Ka fara sanin inda keken zai je. Akwai tseren da ake yi a Maroko, Titan Desert, tun 2006 ake yinsa, mutanen Sifaniya ne suke shiryawa, wajen kilomita 600 a kwana shida, ana bi ta duwatsu da busassun koguna har tudun rairayin nan na wajen Merzouga. Akwai kuma na Namibiya, Desert Dash, a watan Disamba, daga Windhoek zuwa Swakopmund a bakin teku, kusan kilomita 400 kuma awa 24 kacal ake ba mutum, dare da rana yana kan sirdi. Kaga kenan kamar ka tashi daga Zariya ka je Kano ka dawo sannan ka wuce Kaduna, amma babu kwalta babu mai faci a bakin hanya. Ka tambaye shi wanne zai je, domin shirin ya ɗan bambanta, na Namibiya dole sai da fitila mai kyau da batirin da zai kai asuba.

Maganar iska. Mu nan mun saba da cika taya tam saboda kwalta da kaya a kariya, amma a rairayi taya mai tauri nutsewa take yi, tana yanka yashi tana shigewa, mutum ya yi ta taka feda keken na tsaye. Idan ka rage iska sai tayar ta baje, faɗinta ya ƙaru ta hau saman yashin. Irin tayarsa mai inci 29, faɗi wajen 2.3, ana barinta tsakanin PSI 20 zuwa 25 a geji, wato ma'aunin iska, ya danganta da nauyin mutum, a rairayi mai laushi ma har a sauko ƙasa da haka. Sai dai fa idan da tiyub a ciki ka rage iska haka, dutse ɗaya zai matse tiyub ɗin da bakin rim ya huda shi wuri biyu a jere. Shi yasa aikinka na farko shine ka mayar da ita tubles, ka cire tiyub gaba ɗaya, ka liƙe cikin rim da tef ɗinsa tsaf kar ka bar ramin sifoki ko ɗaya a buɗe, ka sa bawul ɗin tubles, ka zuba farin ruwan nan mai toshe huda. Ka san yadda tsidau ke yi wa kekunan 'yan ƙauye, ƙaya goma a taya ɗaya, toh ruwan nan yana toshe irin waɗannan ƙananan ramukan tayar na juyawa, mai keke ma bai san an yi ba. Amma zafi yana busar da shi da wuri, saboda haka wanda ka zuba yanzu na atisaye ne, ana saura kwana kaɗan a tashi tsere sai a zuba sabo. Kuma duk da haka ya riƙe tiyub biyu a jaka, don idan dutse ya tsaga gefen taya babu ruwan da zai toshe.

Sarƙa kuwa nan ne na fi so ka natsu. Baƙin mai yana kama ƙura, ƙura da mai idan suka haɗu sai su zama wani baƙin kwaɓi mai gurzar ƙarfe, yana shiga tsakanin 'ya'yan sarƙa yana cinsu, yana cin haƙoran giya, ka ga sarƙar da ya kamata ta yi wata da watanni ta saki cikin 'yan kwanaki. Ka cire ta ka wanke da kalanzir har sai ruwan ya daina fitowa baƙi, ka shanya ta bushe ƙarau, sannan ka sa man sarƙa irin na rani wanda yake bushewa ya bar kakin zuma-zuma a jiki, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ka barshi ya shiga, ka goge na waje da tsumma har in ka taɓa da yatsa ba ka ga komai ba. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje yashi kawai yake gayyatowa. Haka boris na gaba da na baya da na wajen feda, ka buɗe ka duba ka sa sabon giris, ka share wanda ya bulbulo waje.

Amma wallahi duk wannan ba shine ya fi damuna ba. Abinda nake so ka gane, kai ba za ka je ba. Keken zai lalace a inda babu kai babu ni, mai shi ya gaji, hannunsa na rawa, ƙila ƙarfe ukun dare ne yana riƙe da tocila a baki, a tseren Maroko ma akwai zangon da ake hana makanikai taɓa keke gaba ɗaya, kowa da abinda ya ɗauko. Saboda haka rabin aikin da zai biya ka kuɗinsa koyarwa ne. Ka zaunar da shi a kan benci, ka tsinke tsohuwar sarƙa a gabansa ka ba shi ya haɗa da mahaɗin nan mai maƙalewa, ya yi ya sake yi har ya iya ba tare da ka ce uffan ba. Ka huda tsohuwar taya da kusa ka ba shi ya cusa igiyar faci da kansa. Ya koyi cire tayar baya ya mayar ba tare da ya lanƙwasa farantin birki ba. Kar kunya ta kama ka don ya girme ka ko don yana jami'a, ka ce masa Malam sake yi, bai zauna ba. Rayuwarsa ce a ciki.

Akwai wani ɗan ƙarfe da yake riƙe abin canza giya na baya a jikin firam, an yi shi da laushi da gangan don idan aka faɗi shi ya lanƙwashe firam ya tsira, kuma galibi kowane keke da irin nasa, ba lallai na wani ya shiga ba. Ka sa a nemo masa guda ɗaya ko biyu tun yanzu ko da daga Legas ne, ya ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Sai alanki, fad ɗin birki na canji, sifoki biyu uku, ƙaramin famfo da ka gwada ka ga yana aiki.

Sabon abu kuma kar ka sa masa dab da tafiya, musamman sirdi. Sirdin da jikinsa ya saba da shi ya fi mai tsada, ka auna tsayinsa ka yi alama da fenti don in an kwance keken an sa a kwali a jirgi ya mayar daidai.

Ruwa ba fanninmu bane amma wurin ajiye shi namu ne. A irin wannan zafi mutum na iya zubar da gumi lita guda ko fiye a awa ɗaya, toh ka ɗaura masa mazaunin gora biyu ka ɗaure su da kyau don girgiza na fitar da gora, ga kuma jakar ruwa ta baya. Ka tuna masa da gishiri, zallar ruwa da yawa babu gishiri shi ma yana kayar da mutum, ya samu likita su yi wannan maganar kafin ya tafi.

In kun gama haɗawa ku fita gwaji tare, ku bi ta Wusasa ku zaga gindin Kufena saboda duwatsu, wata rana ku sauka cikin yashin Galma yanzu da ruwa ya ja baya, ka tafi da geji kana rage iska kaɗan kaɗan har ya ji inda keken ya daina nutsewa, ka rubuta lambar a takarda ka ba shi. Kar ku yi nisa cikin daji kuma ku gaya min kafin ku fita, ka san halin da ake ciki. Gobe da safe in Allah ya kaimu zan biyo ta shago da tef ɗin rim da bawul, ka wanke sarƙar yau ta kwana tana bushewa.