Kafin ki ajiye kwarashi ki tashi duba tukunya

Wa alaikumus salam 'yata. Saƙonki ya iso, hotunan shawul ɗin ma na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya maigidan, ya jikan nawa? Allah Ya raya mana shi.

Kin ce tun da kika tare a Bukuru, kusa da Jos, saƙa ta ƙi miki. Shawul ɗin da kika ɗora da faɗinsa sai tsukewa yake yi yana tafiya, daga tsakiya launi ya sauya, wani wuri ya yi tauri wani wuri ya saki. Har kina tambaya ko hannunki ne ya mutu, ko ki haƙura da saƙar gaba ɗaya, ko kuwa ki sa a saya miki keken saƙa ki huta.

Hannunki lafiyarsa ƙalau, na san shi tun yana koyon sarƙa. Zama ne ya canja miki. A da a shago kina kan benci tun safe har azahar, ba mai kiranki. Yanzu kuwa layi biyu za ki yi yaro ya farka, ki yi rabin layi tukunya ta tafaso, kina dawowa mai ruwa ya buga ƙofa. Matar gida da ke son saƙa ta ɗore mata sai ta iya ajiye ta, ta kuma iya ɗaukarta daga inda ta tsaya ba tare da wurin ya nuna ba. In ban da launin, duk aibin da na gani a hotunan nan wajen ajiyewa da ɗauka ya shiga.

Mu fara da tsukewar. Ki shimfiɗa shawul ɗin a kan gado ki ƙirga idanun layin farko, wato ƙulle-ƙullen zaren da ke jere a layin, sannan ki ƙirga na layin da kika tsaya, za ki tarar sun ragu. A irin saƙar da kike yi, in kin kai ƙarshen layi kina yin sarƙa uku ki juya, sarƙar nan kuma ita ce ke tsayawa a matsayin idon farko na sabon layi. To in kin zagayo kanta, dole kwarashi ya shiga kan sarƙa ta ukun nan. Wurin ƙarami ne, a matse yake, ga shi yana kwantawa gefe, wadda hankalinta ke kan murhu tsallake shi take yi ba ta sani ba. Ido ɗaya a kowane layi, kafin ki yi layi 20 kin zubar da ido 20. Shi ne gefen ya karkace haka.

Maganinsa fil ne, irin ƙaramin nan mai kulle kansa. Da kin yi idon farko na layi ki maƙala masa fil, na ƙarshe ma haka, kina hawa kina matsar da su. In babu fil, guntun zare mai wani launi ya isa. A tsakiya kuma ki sa alama duk bayan ido 20, don ƙirga ta zo miki da sauƙi: alamomin za ki ƙirga, ba sai kin bi ido ɗaya-ɗaya yaro na kuka ba. Yawan idanun da lambar kwarashin ki rubuta su a takarda ki jefa cikin jakar saƙar. Kada ki ce za ki riƙe a ka, kan mai jego abubuwa sun yi masa yawa.

Wannan shawul kuwa ki daure ki warware shi zuwa layin da lissafi yake cikakke. Na san da ciwo. Amma ja da hannu ba ya gyara shi, in kuma kika yi masa baki don ki rufe, bakin zai bi karkacewar ya ƙara fito da ita. Zaren da kika warware ki naɗe shi sako-sako, in kika ɗame shi laushinsa tafiya yake yi.

Sai yadda ake tashi a bar aiki. Kwarashi ido ɗaya tak yake riƙe da shi a kowane lokaci. In an kira ki, ki ja idon nan ya yi tsawon yatsa, ki zare kwarashin, ki kulle fil a cikin idon. Ko yaro ya ja zaren, saƙar ba za ta warware ba. Kwarashin ki sa shi a gwangwani mai murfi ki ɗora sama, don mai rarrafe baki yake kai komai, in kuma aka bar shi a kan kujera wani zai zauna a kai. Kibiya, wato dogayen tsinkayen saƙa guda biyu, ba haka take ba. Idanun layi gaba ɗaya a kanta suke, ko 80 ne ko 100, in yaro ya fizge ta duk sun zube lokaci ɗaya. Shi ya sa nake ce wa duk matar auren da ta zo wurina ta raba yininta: kwarashi da rana, lokacin da ake tashi ana zama, kibiya kuma bayan isha'i in gida ya yi shiru. Da kibiya ki yi ƙoƙari ki ƙarasa layi kafin ki tashi. In ya zama dole ki tsaya a tsakiya, ki tura idanun can ƙasa, ki haɗa bakin kibiyoyin biyu ki ɗaure da robar ɗaure kuɗi. In kin dawo, ki duba kibiyar da zaren dunƙule ke fitowa daga idonta na ƙarshe, ita ce ta hannun dama. Mata da yawa a nan suke juyawa su koma baya, sai a ga rami a tsakiyar riga, gefe ɗaya kuma ya fi ɗaya tsawo. In ido ya suɓuce ya gangara, kada ki ja komai. Ki kama shi da fil tukuna, in kin natsu ki sa kwarashi ki hau da shi zare ɗaya bayan ɗaya har ya koma kan kibiya.

Tauri da saki kuma daga jikinki suke fitowa. Hannun da ya fito daga wanke-wanke da ruwan sanyin Jos da sassafe ba ya riƙe zare yadda hannun la'asar yake riƙewa. Wadda ranta ke ɓace ɗame zare take yi, mai gyangyaɗi kuma sakinsa take yi. Ki tsane hannu, ki murza shi ya yi ɗumi kafin ki ɗauka. Ki riƙa naɗa zaren a yatsa iri ɗaya kullum. Kwarashin da kika fara da shi da shi za ki gama, don mai lamba 3.5 da mai lamba 4 rabin milimita ne tsakaninsu, amma a jikin shawul da ido za a gane. In aiki ya kwana biyu ba ki taɓa ba, ki fara yin 'yan layuka a kan wani guntun zare har hannu ya dawo, sannan ki koma kan babban.

Da ni ce ke, a wannan shekarar ma ba zan ɗora shawul mai dogon layi ba. Ƙananan guntaye zan riƙa saƙawa, masu kusurwa huɗu, santimita 10 kowane gefe. Irin wannan kina gama ɗaya kafin shinkafa ta tsotse, yana shiga jakar hannu ki tafi da shi layin rigakafi ko gidan biki, in ɗaya ya lalace shi kaɗai za ki warware. Guda 100, goma a tsaye goma a kwance, sun ba ki shawul mai mita 1 kowane gefe. Ki ajiye na farkon da ya yi kyau ya zama ma'auni, duk wanda kika gama ki ɗora a kansa. Haɗawa da yin baki su ne ke son zama ɗaya, sai ki bar su sai ranar da ƙanwar maigida ko wata 'yar'uwa ta zo ta riƙe miki yaro.

Launin ba laifinki ba ne, sai dai akwai abin lura. Takardar da ke naɗe da dunƙulen ulu, in mai kyau ce, lamba biyu take ɗauke da su: ta launi, da ta zubin rinin da aka yi shi a ciki. Launi ɗaya in zubi ya bambanta, a shago ba za ki gane ba, sai an saƙa an fita rana. Tun da babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka watsu a ƙananan shaguna da bakin titi, mai ƙaramin shago kuma ba ya tara kaya da yawa, abin da kika gani yau ba lallai ki same shi wata mai zuwa ba. Don haka ki sayi na aikin duka rana ɗaya, har da rarar dunƙule ɗaya, ki fito da su bakin ƙofa ki jera a hasken rana kafin ki biya. Sanin yawan da za ki saya ba wuya: ki ga guda nawa dunƙule ɗaya ya ba ki, ki raba 100 da shi. Ki tuna kwarashi ya fi kibiya cin zare. In kuwa zare ya yanke miki dole kika ƙaro wani zubin, kada ki ɗora shi kai tsaye. Ki yi layi biyu da tsohon, biyu da sabon, kina musanyawa har tsohon ya ƙare, bambancin sai ya saje.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau saboda yaron. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Ki yanko guntu ki kai masa ashana a tsakar gida ki gani. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Na tunkiya ƙaurin gashi yake yi, in kin murza tokarsa ta farfashe. Na auduga kuma ƙaurin takarda, da toka mai laushi. Mu nan garin da ke sama da mita 1,200 bisa teku, sanyi biyu gare mu, na hunturu a Disamba da Janairu, da na tsakiyar damina wajen Agusta, kuma a duka biyun mutane na jawo kurfoti kusa. Zaren roba in ya narke manne wa fata yake yi. Kada a zauna da yaro kusa da garwashi yana sanye da shi, kada kuma ki rataya jakar saƙa a kicin. Ko wuta ba ta taɓa ta ba, hayaƙi da manja za su kama farin zare. Bokiti mai murfi ya fi, ki huda murfin, zaren ya riƙa fitowa ta nan, ƙurar hunturu ma ba za ta same shi ba. Wankin kayan saƙa da ruwa mai ɗan ɗumi, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. In kika rataya rigar sanyi a igiya da ruwa a jikinta tsawo za ta yi. Dutsen guga kuwa kada ya hau zaren roba, yana kashe shi ya kwanta, ba ya sake tashi. Kayan jariri ban da duwatsun ado, ban da doguwar igiya a wuya, bakin zare kuma ki sa allura ki ɓoye shi sosai, musamman cikin safa, don sako-sakon zare yana naɗe ɗan yatsan ƙafa.

In kina son ulun tunkiya na gaske ba tare da kin kashe kuɗi da yawa ba, ki leƙa 'yan gwanjo a kasuwar Katako. Ki juya rigar sanyi ki duba ɗinkin gefe. Wadda aka saƙa gaba daban, baya daban, aka haɗa, tana warwaruwa ta ba ki dogon zare. Wadda aka yanka da almakashi aka bi bakin da keken ɗinki, guntaye kawai za ki samu, ki bar ta. Abin da kika warware ki naɗe a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mara zafi, ki rataya a inuwa lanƙwasar ta miƙe. Shi wannan ba ya son ruwan zafi da cuɗa, tsukewa yake yi ya cure.

Batun keken saƙa, ban goyi baya ba yanzu. Keke na mai kwangilar rigunan sanyin 'yan makaranta ne, mai ɗaki daban da teburin da za a ɗaure shi. Yana son ido a kansa daga farkon aiki zuwa ƙarshe, alluransa a jere suke daidai tsayin hannun yaro, kuma aikin kwarashi ba ya yinsa sam. Ke da kika ce saƙa ce hutunki in kin gama aikin gida, keke wani aikin zai ƙara miki. In yaro ya shiga makaranta kina so ki mai da ita sana'a, sai mu zauna mu yi lissafi.

Abin da ya fi kashe wa matan gida sha'awar saƙa ma alƙawari ne. Da dangin miji sun ga hula ɗaya a kan yaro, kowa zai ce a yi masa, wata ma ranar da aka haihu za ta aiko tana son saiti cikakke kafin suna. Kwana bakwai ba ya isar mai goyo ta yi shawul da riga da hula da safa, sai dai ta hana kanta barci, wuyan hannu ya kumbura, abincin gida ya makara, a zo ana ganin laifin saƙa. Ki ce hula da safa za ki iya, shawul sai bayan arba'in in Allah Ya kai mu. In kin san akwai mai ciki a dangi, ki fara tara ƙananan nan tun da wuri ba sai kin faɗa wa kowa ba, da fari ko ruwan ɗorawa ko kore mai haske, waɗanda za su shiga ko mace aka samu ko namiji. Baƙin zare da shuɗi mai duhu ki bar su sai da rana, kada ki yi su da tocilan in an ɗauke wuta. In kuma kika fara jin yatsu suna dindiris da dare, ki ajiye kwarashi kwana biyu, in bai daina ba ki je asibiti a duba.

Ki gaishe min da maigidan da su Hajiya.