Bamaguje da arne ba abu ɗaya ba ne

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a kasuwar Taminus ta nan Jos ka ji an kira wani "arne", wani kuma ya ce "Bamaguje", kana tambaya ko duk mai bautar gumaka ake nufi, kuma ina asalin kalmomin.

Bari in fara da Bamaguje, don ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Namiji Bamaguje, mace Bamagujiya, jam'i Maguzawa, al'adar kuwa maguzanci. Hausawa ne gaba da baya, manoma, waɗanda suka tsaya kan addinin kakanni a ƙauyukan Kano, Katsina da Zazzau. Za ka ji ana cewa wai salla suka guje wa. Hikaya ce kawai. Da daga "gudu" kalmar ta fito, da Magudawa za a ce. Harafin z na Maguzawa shi ne asali, ya koma j a Bamaguje kamar yadda kaza ke zama kaji. Tushenta Larabci ne, Majusu, masu bautar wuta na ƙasar Farisa, waɗanda aka ambata a Suratul Hajji aya ta 17. Manzon Allah (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, a gabashin ƙasar Larabawa, saboda haka wanda aka sa a wannan sahu yana da amana: ya biya abin da aka ɗora masa, a bar shi da gonarsa da iyalinsa. Ka ga ashe sunan kariya ne, ba zagi ba.

Kuma ko cewa Maguzawa suna bautar gumaka akwai gyara. Sun san Allah ne Mahalicci. Iskoki suke yi wa yanka, irin su Kure da Uwar Gona, a gindin tsamiya ko kuka ko kan dutse, ba gunki sassaƙaƙƙe ba.

Arne ta fi faɗi: mace arniya, jam'i arna, Sakkwatawa da mutanen Nijar su ce azne, azna. Da can mai addinin gargajiya na kowace ƙabila ake nufi. Mushiriki kuwa daga shirka take, kalmar malamai ce a wajen karatu, ba ta kiran mutum a titi ba.

Inda ake kuskure a nan Jos shi ne a ɗora waɗannan sunaye kan maƙwabta. Birom da Afizere da Anaguta ba Maguzawa ba ne, tunda ba Hausawa ba ne. Akasarinsu Kiristoci ne, kuma Alƙur'ani Ahlul Kitabi ya kira Kirista. "Arne" a kunnensu raini ce tsantsa, kuma garin da ya ga abin da ya gani a rikicin Satumban 2001 bai kamata a riƙa wasa da irin wannan kalma a cikinsa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, musamman in na ji ta a bakin yara.

Kira mutum da sunansa ko na ƙabilarsa. Mai tsohon addini ka ce mai addinin gargajiya. Hausawa Kiristoci na wajen Malumfashi kuwa, wasu suna alfahari da sunan Maguzawa, wasu ba sa so, sai ka saurari wanda mutum ya kira kansa da shi kafin ka furta.