Uwata ki je ki ci talotalonsu

Uwata, na ga saƙonki tun daren jiya amma ido ya ƙi, sai yanzu bayan asuba na samu zama. Kin ce matar da kike haya a gidanta ta gayyace ki cin abincin Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, kuma a falonta akwai zanen wata tsohuwa tana ajiye ƙaton talotalo a tebur iyali sun kewaye ana ta murmushi, wai menene asalin abin kuma ki je ne ko ki kawo uzuri. Ki je mana. Amma tsaya in baki labarin zanen tukuna, don nima lokacin da nake karatu a can na sha ganinsa a kalandar gidajen mutane kafin in san ko na waye.

Sunan mai zanen Norman Rockwell, aikinsa zana bangon mujalla, ya yi wa wata mujalla Saturday Evening Post sama da guda 300. Ranar 6 ga Janairun 1941 shugabansu Roosevelt ya yi jawabi gaban majalisa, Turai tana cin wuta a lokacin, ya ce akwai 'yanci huɗu da ya kamata kowane ɗan Adam ya samu, faɗin albarkacin baki, yin addini, tsira daga yunwa da rashi, sai tsira daga tsoro. To kin san maganar manya a majalisa, talaka ya ji ta wuce. Shi Rockwell yana zaune a wani ɗan ƙaramin gari Arlington a jihar Vermont yana ta tunanin yadda zai zana 'yancin nan huɗu, abin da ba a gani da ido, ƙarshe dai maƙwabtansa ya kalla. Na faɗin albarkacin baki daga taron garinsu ya samo shi, wani manomi ya miƙe shi kaɗai ya ƙi yarda da abin da kowa ya yarda da shi, aka barshi ya gama maganarsa ba wanda ya ce masa zauna, shikenan sai ya zana mutum a tsaye da tsohuwar jaket masu kwat da taye suna ɗaga kai suna sauraronsa. Wannan ni ya fi burge ni a cikin huɗun wallahi.

Naki na falon shi ne na tsira daga yunwa, ya fito a watan Maris 1943. Tsohuwar nan ba wata bace illa mai dafa abinci a gidansa, ita ta gasa talotalon, ya gama aiki suka cinye abinsu. In kin je ki matsa kusa ki duba teburin da kyau, kofunan duk ruwa ne a ciki ba giya, kuma banda talotalon abin da ke kai kaɗan ne, faranti fari fat, labule fari, sai wani mutum can ƙasa a kusurwa ya juyo yana kallonki kamar zai ce bisimilla. Gwamnati ta ɗauki zane huɗun aka zaga da su garuruwa 16 ana sayar da takardun bashi na yaƙi, aka tara sama da dala miliyan 130. Amma fa a Turai wasu haushi zanen ya basu, mutane na layin burodi ana nuna musu tsuntsun da sai da hannu biyu ake ɗauka. Kuma ke da idonki zaki ga duk wanda ke teburin nan fari ne, alhali a shekarar baƙar fata a kudancin ƙasar ko kujerar gaban bas ba a barinsa ya zauna. Shi ma daga baya ya farga, a 1964 ya zana wata yarinya baƙa Ruby Bridges 'yar shekara 6 jami'an tsaro na raka ta makaranta, ga tumatir da aka jefa ya fashe a bango.

Shi bikin kansa bikin kaka ne ba wani abu ba. Suna danganta shi da 1621, Turawan da suka sauka Plymouth a gaɓar tekun Amurka suka ci abinci da mutanen Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka koya musu noman masara bayan sanyi ya kashe kusan rabinsu. Shugabansu Lincoln ya mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1863, yanzu Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba. Jikokin 'yan asalin ƙasar kuwa wasu ranar makoki suke yi tun 1970 saboda abin da ya biyo bayan wancan cin abinci, wannan ki sani kawai, ba sai kin tayar da shi a teburin mutane ba.

A ƙananan garuruwansu tun kafin ranar ake fara shagali, a kawo kabewa a ɗora a sikeli a ga ta wa ta fi nauyi, a matse tuffa a sha ruwanta, a tara abincin gwangwani a kai wa marasa hali. Ni ranar da na fara gani sai garinmu ya faɗo min, an kai dami gida an cika rumbu, Baba ya zauna kan buzu yana ƙirga, duk dami goma ya ware ɗaya na zakka kafin kowa ya taɓa, mu kuma muna bayan gida muna gasa tumu muna murzawa a tafin hannu muna hura ƙaiƙayi, da dare a ji kalangu an fara dambe. Kakarki da kika ci sunanta sai ta dama furar sabon gero ta aika gida gida, ni ne ɗan aike, rabi a hanya nake shanyewa.

Abu biyu zaki kula. Ki tambayi matar tun yanzu me ake cusawa cikin talotalon don wasu da naman alade suke haɗa shi, wasu kuma su zuba giya a romo, ba za ta ji haushi ba sun saba da irin wannan tambaya, in ma zuciyarki bata kwanta da yankan ba ki ce zaki sayo na halal a shagon Larabawa a gasa shi. Sannan kar ki je hannu rabbana, ki yi dafadukar nan taki amma ki rage yaji don Allah. Za a zagaya tebur kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai bana, in an zo kanki ki ce alhamdulillahi ki faɗi naki.

Za kuma su kawo miki kabewa da sukari da kirfa a cikin burodi wai kayan zaƙi, ni da na san kabewa a miyar taushe sai da na rufe ido na haɗiye lomar farko, na biyu kuma da kaina na miƙa faranti. Ki ɗauko min hoton zanen ki turo, ki gaida matar.