Tambaya da Amsa: Ina Itatuwan da Aka Dasa Bara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina bin wata ƙungiyar sa-kai ta kare muhalli zuwa dashen itatuwa a farkon damina. Bana na koma filin da muka yi aiki bara, sai na tarar da ramuka da sandunan alama, dashen da ya rayu kuwa bai kai goma ba. Shin aikin nan yana da amfani, ko wahalar banza muke sha? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Komawar da kika yi filin ita ce ta fi faranta mini rai a wasiƙarki, domin da yawa daga masu dashe ba sa waiwayar abin da suka dasa. Abin da kika gani yana faruwa har a manyan shirye-shirye. A ranar 11 ga Nuwamba, 2019, an dasa itatuwa miliyan 11 a Turkiyya, amma bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta ce mafi yawansu sun bushe saboda ƙarancin ruwa, ko da yake gwamnati ta musanta hakan.

Dalilin mutuwar a bayyane yake. Dashen da aka rena a cikin leda saiwarsa gajeriya ce, ya kuma saba da ban ruwa kullum, saboda haka ranin farko shi ne babbar jarrabawarsa. Idan ya tsira daga ƙishirwa, ga awaki, ga gobarar daji, kuma idan filin ba shi da takamaiman mai kula da shi, babu wanda zai tashi ya yi masa shinge.

Waɗanda aikinsu ya ɗore sun gane wannan tun da wuri. Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a Kenya a 1977, ta kuma karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta tsara cewa matan karkara za su karɓi ɗan ihsani ne a kan dashen da ya rayu, ba a kan wanda aka binne a rami kawai ba.

Darasin da ya fi ratsa ni shi ne na Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya da ya yi aiki a Jamhuriyar Nijar. Ya yi ta dashe yana mutuwa, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro mai ganye a gefe. Da ya duba ganyen, ya gane cewa tohon kututturen wata bishiya ce da aka sare, saiwoyinta suna nan da rai a can ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya ba ta bukatar komai sai wuƙa da haƙuri: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga cikin tohon, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari daga dabbobi. Tun da tsohuwar saiwa ta riga ta kai inda laima take, girman yakan zo da sauri. An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo ta wannan hanya a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, aikin ya bazu sosai ne bayan da manoma suka sami tabbacin cewa itacen da suka rena a gonakinsu suna da iko da shi.

Ba ina cewa ku daina dashe ba, domin inda kututture ya ƙare dole a dasa. Shawarata ita ce ki roƙi ƙungiyarku ta rage yawan dashen bana, ta zaɓi irin itatuwan da suka saba da ƙasar wurin, ta ɗora wa kowane itace mai kula da shi da sunansa, sannan ta koma ƙirga a ƙarshen rani.

TAMBAYA: Ina sha'awar wannan aiki, amma ban yi karatun jami'a ba. Akwai gurbina a ciki? Daga wani matashi.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Yacouba Sawadogo, manomi ne a yankin Yatenga na Burkina Faso, kuma ba shi da digiri. Wajen 1980 ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako, ya ƙara musu faɗi da zurfi, ya kuma riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Takin yana jawo gara, ita kuma tana huda hanyoyi a cikin ƙasa, sai ruwan sama ya riƙa shiga maimakon ya gangare. Da haka ya mayar da busasshen fili daji, ya karɓi kyautar Right Livelihood, wata lambar yabo ta duniya, a 2018 tare da Rinaudo, kafin rasuwarsa a 2023. Karatu yana da amfani matuƙa, kuma idan ka sami dama ka nema. Kafin nan, ka sami wani ma'aikacin gandun daji ko dattijon manomi ya koya maka sanin itatuwa ta ganyensu, da yadda ake datse toho ba tare da an ji wa kututture rauni ba.