Motar biyan wata-wata: wace Hilux zan ɗauka?

Wani ɗan kasuwa da ke sarin hatsi a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya. Yana cin kasuwannin Miriya, Matamai da Tanut, ya gaji da kuɗin haya, kuma an yi masa tayin Hilux biyu, mai esansi da mai gazuwal, a tsarin da banki zai sayi motar shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Dillali ya ce mai esansin ta fi doki yawa, wato ƙarfin inji. Wace zai ɗauka?

Alhaji, dillalin bai yi ƙarya ba, amma kai ba tsere za ka yi ba. Injin esansi mai lita 2.7 yana da doki wajen 160, na gazuwal mai lita 2.4 kuwa wajen 150. Sai dai a ƙarfin jan kaya na gazuwal ya yi masa nisa, kusan 400 ne a ma'aunin da ake kira Nm, wancan bai kai 250 ba. Ranar da ka loda buhunan gero ka shiga rairayi za ka gane bambancin. Ga shi na gazuwal bai kai na esansi shan mai ba. Aibinsa guda: ba ya jure gurɓataccen mai. Ka zuba masa na kwalba mai ruwa ko ƙasa, injekta mai fesa wa inji mai ta lalace, gyaranta ya cinye ribar watanni. Mu da matatar SORAZ ke kusa da mu tun 2011, ka tsaya ga gidan mai.

Amma takardar ce ta fi damuna. Kada kuɗin wata ya ruɗe ka, ka haɗa jimilla. A misali, mota ta miliyan 12 hannu da hannu: ka ba da kafin alƙalami miliyan 3, sannan jaka 300 har wata 36, sai jaka 600 na ƙarshe kafin ta zama taka. Ka biya miliyan 14 da jaka 400 ke nan. Idan miliyan 9 ɗin da suka rage a hannunka za su kawo fiye da wannan ƙarin na miliyan 2 da jaka 400 a sarin kaka, tsarin ya yi maka. In ba haka ba, ka biya lakadan.

Kafin ka sa hannu, ka tuna motar ta banki ce har sai ka gama biya. To wa zai biya asiransi da gyara? An ƙayyade kilomita? An yarda ka tsallaka da ita Kano? In ka makara wata biyu lokacin damina, da kasuwa ke sanyi, tara za su ci ka ko ƙwace motar za su yi? In kana gudun riba, ka nemi tsarin ijara, wato haya bisa ƙa'idar Musulunci, a karanta maka shi gaban malaminka.

Ni dai mai gazuwal zan ce, muddin makanikenka ya buɗe ta ya duba.